Nonon da Aka Zubar a Gindin Bedi

Na manta abubuwa da yawa na aikin lafiya, har sunayen wasu magungunan sun fara guduwa daga kaina, amma ranar da aka zubar da nono a ƙofar asibitina ban taɓa mantawa da ita ba. Ku da kuke sababbi a aikin nan kun sha jin ana cewa Hajiya Asabe faɗa gare ta. Ban musa ba. Amma ku gyara zama ku ji inda wani kaso na faɗan ya samo asali.

Ni 'yar Ƙanƙara ce, amma a lokacin an tura ni wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye da ke bayan Sheme, cikin ƙasar Faskari. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don mutanen suna nan da ransu. Muƙamina ma'aikaciyar lafiya ce ta matakin farko. Ga wanda bai sani ba, mu ba likitoci ba ne, ba nas ba ne, amma a ƙauye mu ne likitan, mu ne nas ɗin, mu ne ungozomar. Awon ciki, rigakafin yara, zazzaɓi, gudawa, duk namu ne. Abin da ya fi ƙarfinmu sai mu tura babban asibiti. A samanmu kuma akwai mai zagaye, wanda yakan fito daga ofis lokaci-lokaci ya duba yadda muke aiki. Namu a wancan lokacin Alhaji Mamman ake ce masa.

Wata safiya wata tsohuwa, Inna Hajjo, ta shigo da jikanta goye a baya, wai zazzaɓi yake yi. Bafulatana ce da ta daɗe da barin ruga ta zauna cikin gari tun bayan rasuwar mijinta. Yaron sunansa Haruna, ya kai shekara uku. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne goyon. Yaro kamar wannan ai da ƙafarsa yake shigowa, yana taɓa duk abin da aka hana.

Na ce, "Inna, yaron nan yana tafiya kuwa?"

Ta ce, "Shina tahiya mana, Malama. Ragwanci ne dai irin na angon nan nawa, ya hi son bayana."

Na sa ta sauke shi na tsayar da shi a ƙasa. Sai ya fashe da kuka ya riƙe zanenta. Ƙafafun nan biyu sun lanƙwashe waje kamar baka. Na kama wuyan hannunsa na ji ya kumbura, na shafa ƙirjinsa na ji 'yan ƙulle-ƙulle a jere a bakin haƙarƙari. Ba sai an gaya mini ba, na san ciwon da nake kallo.

"Me yake ci, Inna?"

"Abin da muke ci. Tuwon masara, da sahe koko."

"Nono fa?"

Ta gyara bakin zane, ta kalli bango. "Ba mu da shanu a gida."

Bari in yi wa waɗanda ba ma'aikata ba bayani. Akwai wani sinadari da ake kira kalsiyam, shi ke sa ƙashi ya yi ƙwari. Muddin yaro yana shan maman uwarsa yana samu. Da an yaye shi, sai dai ya samu daga abinci, kuma babu abin da ya kai nonon saniya sauƙin ba da shi a wurinmu, ko madara ce ɗanya aka dafa, ko kindirmo, ko wanda aka kaɗe aka cire man. Ƙananan kifi busassu ma suna yi in an daka su da ƙayarsu. Tuwo da koko kuwa cika ciki suke yi, abin da suke ba ƙashi kaɗan ne. In yaro ya rasa wannan sinadari, ƙashinsa sai ya zauna da taushi, ya miƙe tsaye nauyin jikinsa ya tanƙwara ƙafar. In an tare abin da wuri, ƙafar takan miƙe da kanta yayin da yaron ke girma. In aka bari ƙashin ya ƙeƙashe a karkace, to an gama, sai dai aikin tiyata, wanda ɗan ƙauye bai cika samu ba.

Na yi abin da tsarin aiki ya ce, na tura su babban asibiti. Likita ya tabbatar da abin da na gani, ya ba da ƙwayoyi, ya ce kuma a riƙa ba yaron nono kullum. Ƙwayoyin suka ƙare. A ɗakin maganinmu babu irinsu, na nema a ofis aka ce a jira. Saura nono ke nan. Na ce a raina wannan ai mai sauƙi ne, tunda rugage sun kewaye mu, kullum da hantsi mata na wucewa da ƙore a kai. Amma duk sanda na tambayi Inna ko ana ba shi, sai ta ce, "Za a ba shi, Malama," kuma fuskar yaron tana gaya mini ba a ba shi.

Cikin masu tallan nonon akwai wata Dije, siririya, ba ta da yawan magana, wurinta nake saye. Wata rana na gama saye, ta ƙi tafiya. Tana ta juya ludayi a ƙwarya. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malama, yaron nan na gidan Inna, mi likita ya ce?"

Na ce, "Kin san shi ne?"

"Ɗan gidanmu ne."

Wata mai ciki da ke zaune a benci tana jiran awo ta tuntsire da dariya. "Ɗan gidanku? Malama, ai ita ta haihe shi. Ɗan hwarinta ne!" Dije ta ja gyale ta rufe fuska, ta ɗauki ƙwaryarta ta fice kamar an kore ta.

Wallahi ranar nan ban iya cin abincin rana ba. Yaro ɗan masu shanu, ƙafarsa tana tanƙwarewa don rashin nono, uwarsa kuma tana ɗauke da maganinsa a kanta, tana wucewa ta ƙofar gidan da yake kowace safiya ta kai wa baƙi. Ni da ba kowa ba ina sha a furata, ɗan da aka haifa a ruga ba ya sha.

Da na bincika sai na gano yadda abin yake. Kunyar ɗan fari kowa ya san ta, ni ma uwata har ta rasu ban taɓa jin sunan yayana a bakinta ba. Amma ta Fulani ta fi tamu tsanani. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi, in yana kuka a gaban mutane sai ta kau da kai. Da aka tashi yaye Haruna, sai aka kai shi wurin kakarsa ta wajen uba, kamar yadda aka saba, ya zauna can. Kafin nan, Dije takan tsaya ta zuba wa surukarta nono in za ta wuce. A makon da aka kai yaron, sai hannunta ya yi nauyi, ta zuba fiye da yadda ta saba. Inna ta duba, ta ce a gaban matan maƙwabta, "Au, yau ƙwaryar ta cika? Tsoro kike kada in kashe maki shi da yunwa?" Aka yi dariya. Wasa ta yi, ko ba wasa ba, Allah ya sani. Daga ranar Dije ba ta sake tsayawa ba. Inna kuma ba za ta buɗe baki ta roƙi matar ɗanta ba, kuma ba za ta tsayar da wata mai talla ba, don kada a ce matar ɗanta ta hana ta. Uban yaron, Malam Iro, yana can wajen Sabuwa da garken, in ya zo ma shi da ɗan farin nasa sai kallo daga nesa. Magana ɗaya tak, ta shekara tana cin ƙashin yaro.

Na tare Dije a hanya washegari, nesa da mutane. Ban yi mata ta daɗi ba. Na ce, "Dije, tsakanin kunya da ƙafar ɗanki, wanne kika zaɓa?"

Ta sauke ƙwarya a hankali. Idonta ya kawo ruwa. "Malama, kada ki hwaɗa mani haka. Kullum in na zo wucewa ina jin kukanshi ta katanga. Ni na san abin da nike ji. Amma in na shiga da ƙwarya, na ce ma Inna ba ta iya riƙo ba ke nan. Da wane ido zan dube ta?"

Sai na ajiye faɗan da na taho da shi. Muka yi shawara a nan tsaye. Kullum da safe za ta ware madara daga tatsar farko a wata 'yar ƙwarya, ta ajiye bayan ƙofar asibiti ta ce, "Ga na Malama." Ni kuma in dafa a kan risho, don madarar da ba a dafa ba tana iya ɗauko wani ciwon, in bari ta huce, in zuba a kofin asibiti. Ita kuma Inna na ce mata likita ya ce a riƙa kawo yaron kowace safiya ya sha abin da aka rubuta masa. Ba ta tambaye ni daga ina yake fitowa ba, ni ma ban faɗa ba.

Haka muka yi ta yi. Inna ta zo da angonta, ya zauna a benci ya kama kofi da hannu biyu. A daidai lokacin kuma sai ka ga Dije a gindin bishiyar bedin da ke gaban asibitin, wai gammonta ne ya kwance tana gyarawa. Ban taɓa ganin gammo mai yawan kwancewa irin na Dije ba. Sai ya shanye tas sannan gammon zai ɗauru.

Kafin rani ya fita, yaro ya canza. Ya daina kuka in an tsayar da shi. Kumburin wuyan hannu ya fara sauka. Ya fara bin benci yana dafawa, daga nan ya saki, har wata rana na gan shi yana korar kaji a tsakar asibiti yana faɗuwa yana tashi. Ƙafar dama ta fara dawowa hanya. Ta hagu ce ta fi karkacewa tun farko, amma ita ma ta fara motsi. Na ce Alhamdulillahi, in aka ɗore a haka zuwa baɗi, babu wanda zai san yaron nan ya taɓa ciwo.

Sai ranar da nake ba ku labari.

Ranar rigakafi ce, asibiti cike da mata har waje. Sai ga motar Alhaji Mamman. Ya fito da babbar riga da naɗaɗɗun takardun bango na wayar da kai. Ya sa aka manna ɗaya a daidai saman benci. Hoton wani yaro ne mai kumatu yana shan madara a kofin gilashi, a ƙasa an rubuta cewa madara tana gina ƙashi. Ya ja da baya ya kalle ta, ya ji daɗi. Da ya juyo sai idonsa ya faɗa kan risho da tukunya, da 'yar ƙwaryar da ke bayan ƙofa. Ranar mata sun yi mini yawa, ban kai ga dafawa ba. Haruna yana zaune a cinyar Inna yana jira.

Ya ce, "Malama Asabe, wannan mene ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, madara ce ta wani yaro mai ciwon ƙashi. In ka shigo ciki zan yi maka bayani."

"A nan za ki yi. Asibiti ne nan ko ruga? Wa ya ba ki izinin ba marar lafiya abin da bai fito daga ɗakin magani ba?"

Na rage murya. "Likita ne ya ce a ba shi. Dafawa nake yi. Don Allah, ranka ya daɗe, mu shiga ciki."

Da ma mutum in ya ga mata sun zuba masa ido, muryarsa ƙaruwa take yi. Ya sunkuya ya ɗauki ƙwaryar ya ɗaga sama. "Wa ke kawowa? Ƙwaryar wa ce wannan?"

Na ƙi faɗin sunanta. Amma a ƙauye kowace mace ta san zanen ƙwaryar kowa. Wata daga baya ta ce, "Ta Dije ce." Ya ce wace ce Dije, aka nuna masa ita a gindin bedi, gammo a hannu. Wata ta ƙara da cewa, "Uwar yaron ce."

Ya yi dariya. "Uwar yaro? To ba ta san hanyar gidansu ba ne sai asibitin gwamnati? Ke, ki kai wa ɗanki abinsa gida!" Sannan ya juya wajen Inna, matar da ta haife shi a shekaru, ya ce, "Ke kuma Inna, in ba za ki iya ciyar da jikanki ba, ki mayar wa uwarsa da shi mana."

Bai tsaya nan ba. Ya taka zuwa gindin bishiyar, a gaban Dije, ya kifar da ƙwaryar. Ina kallo madarar nan ta bi saiwa ta shige ƙasa. Wanda ya san Bafulatani ya san ba a zubar da nono da gangan a gabansa, ko ɗigo ne ya zuba sai ka ga an damu. Haruna ya ga abincinsa ya tafi, ya sa kuka. Inna ta miƙe, ta saɓa shi a baya, ta ɗaure zane, ta fita. Dije kuwa ko 'yar ƙwaryar ba ta tsaya ɗauka ba.

Na dubi Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, takardar da ka manna ta ce a sha madara. Ƙwayoyin da na nema ba ku aiko ba. Yanzu ita takardar zan jiƙa masa ya sha?"

Ya ce in iya bakina, in ba haka ba zai sa a mayar da ni ƙarshen daji inda ko babur ba ya shiga. Na ce duk inda aka kai ni akwai yara, kuma duk inda akwai yara zan dafa madara. Kuma don ku san irin abin da ke ƙona rai, da azahar ta yi, fura da nono ya aika aka sayo masa daga wurin matan nan, ya shanye a cikin mota ya tafi.

Kada ku ce na ce dokar banza ce. Dokar tana da dalili. In kowa zai riƙa ba marasa lafiya abin da ya ga dama a asibiti, wata rana sai an kashe wani. Da ya shigo ciki ya ce mini in mayar da risho gidana in riƙa ba yaron a can, da na ce to, kuma da babu abin da ya lalace. Abin da ban yafe ba shi ne bai tambaya ba. Abin da muka lallaɓa muka rufe wata da watanni, ya zo ya yaye shi a gaban gari don a san shi babba ne.

Washegari Inna ba ta zo ba. Dije ma ta canza hanya, tana zagayawa ta bayan gari. Na je gidan Inna, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa kamar ba komai, sannan ta ce, "Angona ya warke, Malama. Mun gode." Na sayi kindirmo wurin wata na kai da kaina, ta sa aka mayar mini har gida, da saƙon cewa ba su kai ga bara ba tukuna. Na daka kifi na kai, shi ma ya dawo. Damina ta sauka, hanyoyi suka lalace, aiki ya yi yawa da zazzaɓin yara. Duk sanda na hango Inna a hanya, Haruna yana bayanta. Ya koma goyo.

Wajen kaka sai labari ya zo mini cewa Inna ta kira mai ɗori. Za a ɗaure ƙafafun da karare a matse su su miƙe, in ta hagun ta ƙi, a karya a sake ɗorawa. Ni ban raina masu ɗori ba, na ga karayar da suka gyara. Amma wannan ba karaya ba ce. Ƙashi ne mai yunwa. In ka matse shi azaba kawai za ka ba yaro, in ka karya shi kuwa da me zai haɗe?

Da la'asar na ɗauki 'yar ƙwaryar nan, wadda na wanke na ajiye tun ranar, na hau ɗan acaɓa zuwa ruga. Muka sha taɓo, wani wurin sai da na sauka na taka. Na tarar da Dije tana kaɗa nono. Na ajiye ƙwaryar a gabanta na ce, "Gobe da hantsi za a ɗaure ƙafar yaron nan. Zan je in yi faɗan da na iya, amma ni bare ce. Za a ba ni tabarma a ba ni ruwa, a yi abin da aka yi niyya. Ban zo in ce ki yi komai ba, na zo ne kada gobe ki ce ba ki sani ba." Ba ta ɗago ba. Hannunta dai ya tsaya da kaɗawar. Na juyo raina a ɓace, ina cewa a zuciyata wannan kunya ba kunya ba ce, mugunta ce da aka yi wa lulluɓi.

Da hantsi na isa gidan Inna na tarar mai ɗori ya riga ni. Dattijo ne, ya baje kararensa da tsummoki a tabarma. Matan maƙwabta sun cika tsakar gida. Haruna ya ga karan ya fahimci da shi ake, yana ta tsala ihu. Na durƙusa na gaishe da dattijon na ce, "Baba, don girman Allah kada ka taɓa ƙafar nan. Ba karaya ba ce."

Ya ce, "Hajiya, ni kirana aka yi. Ki yi magana da mai ɗa."

Inna ta ce, "Malama, kun yi naku, mun ga ƙarshenshi. Bari mu yi namu."

Ina cikin neman abin da zan ce sai muka ji sallama a zaure. Dije ce. Matar da ta fi shekara ba ta taka gidan ba, ta shigo da 'yar ƙwaryar nan rufe da faifai, da ludayi a kai. Ta wuce ta gaban matan nan duka, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da surukarta kamar yadda ya kamata. Inna ta kau da kai. Dije ta buɗe faifan, ta dube ni ta ce, "Na dahwa shi, Malama." Sannan ta juya ta kalli ɗanta ido cikin ido, a gaban kowa, ta ce, "Haruna. Zo ka sha."

Wata tsohuwa ta yi salati. Wata ta kama baki. Shi kansa yaron kukan ya tsaya masa, don bai taɓa jin sunansa daga bakin nan ba. Ya dubi kakarsa, ya dubi ƙwaryar, sai ya ja jiki a ƙasa ya nufe ta.

Inna ta daɗe tana kallonsu. Can ta ce, "Yau na ga rashin kunya da idona." Babu wanda ya motsa. Sai ta miƙa hannu. "Ba ni ludayin nan. Ba ki san yadda shike sha ba, sai ya ƙware." Ta ɗebo, ta kai bakinta ta ɗanɗana. Sannan ta ce, ba da ni take ba, ba da Dije take ba, "Tun ran da muka hwara dawowa daga asibiti na ji ƙanshin a bakinshi. Ni na tatsi uwar saniyar nan da hannuna. Kun ɗauka ban sani ba?" Ta kai ludayin bakin yaron, ta ce wa mai ɗori ba tare da ta waiwaya ba, "Malam, a yi haƙuri, a kwashe karan."

Na fita zaure na yi kukana, rabi na daɗi rabi na takaici. Ashe duk watannin nan ta sani. Tana kawo shi ne don asibiti ya ba ta inda za ta karɓi nonon matar ɗanta ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Wannan 'yar ƙofar ce Alhaji ya zo ya toshe.

Daga ranar Dije take tsayawa a gidan kowace safiya. An yi ta da ita a gari na ɗan lokaci, ana cewa ga wadda ta kira sunan ɗan fari, daga baya aka samu wani abin magana aka bar ta. Na sake tura su wurin likita. Ƙafar dama ta miƙe sarai. Ta hagu ta gyaru, amma ba duka ba. Likitan ya ce an yi jinkiri. Ni na san wane jinkiri ne, damina guda ce da aka yi yaron ba ya shan komai sai koko.

Da rashin zaman lafiya ya tayar da rugagen wajen, iyalin suka dawo Ƙanƙara, inda ni ma na dawo bayan na ajiye aiki. Ina ganin Haruna ranar kasuwa. Ya zama saurayi, dogo kamar ubansa, yana gaishe ni har ƙasa. In ya juya zai tafi sai in ga kafaɗarsa tana ɗan faɗawa hagu a kowane taku, sai abin ya dawo mini sabo. Shi Alhaji Mamman na tabbata ko an tuna masa ba zai gane wace rana ake nufi ba. Takardar da ya manna kuwa ta zauna a bangon nan har rana ta cinye hoton.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku tafi da shi. Sanin cewa nono yana gina ƙashi, darasin yini ɗaya ne, kowa zai iya rubutawa ya manna a bango. Aikin shi ne yadda kofi ɗaya zai isa bakin yaro, don sai ya bi ta kan kunyar uwa da girman kaka kafin ya isa, kuma mutanenmu sun fi yarda su sha wuya da a tozarta su. Wata rana ku ma za ku zama masu zagaye. In kun shiga asibitin ƙauye kuka ga ƙwarya a bayan ƙofa, ku ja ma'aikaciyar gefe ku tambaya a hankali. Maganar da Alhaji ya yi a gindin bedin nan ba ta kai tsawon shan ruwa ba, amma har yau Haruna yana ɗingisa ta.